Hoton da Lyuben Ya Hana a Nuna

Akwai wani mai sharhin ƙwallo a talabijin, ɗan garinmu Ruse ta Bulgeriya, sunansa Lyuben. Mutum ne mai baki, in ya ce an cuce mu, har tsofaffin da ba su san ƙwallo ba sai sun yi tsaki.

'Yarsa ɗaya ce, Tsveta. Tana auren Dorin, ɗan Romaniya, wanda ya tsallako kogin Danube ya buɗe gidan burodi a unguwarmu. Suna da yarinya ɗaya 'yar makaranta. Kowa na cin burodinsa, ba mai tuna daga ina ya zo.

Sai aka haɗa ƙasashen biyu a wasan neman gurbi. Ana dab da tashi, alƙalin wasa ya ba Romaniya fenariti, suka ci, muka fita.

A ƙaramin allon da ke gabansa Lyuben ya ga maimaicin ƙarara: ɗan bayanmu ne ya doke ƙwallon da hannu. Mai haɗa hotuna ya tambaye shi ta abin kunne, "Maigida, in saka?"

"Saka me? So kake a ƙone mu? Nemo hoton da hannun bai fito ba."

Ya buɗe murya ya ce wa ƙasa, "An yi mana fashi! Mutanen tsallaken kogi, dama halinsu ke nan!"

Washegari wasu samari suka farfasa gilashin gidan burodin. Dutse ya sami Dorin a goshi yana tsaye da tire a hannu. Daga ranar ciniki ya tsaya cak. Maƙwabta sai su sunkuyar da kai su wuce, ni ma har da ni, abin kunya.

Tsveta ta je wajen ubanta.

"Baba, ka ga hannun ko ba ka gani ba?"

"Na gani."

"To ka faɗa a shirinka na Litinin. Kai kaɗai suke ji. In ka faɗa, za mu iya zama a garin nan."

"Haba 'yata, so kike a ce na ci amanar ƙasa? Kwana biyu za su manta."

"Jikarka fa? A makaranta ce mata suke 'yar ɓarayi."

Tsveta ta tashi ta koma gida.

Ranar Litinin Tsveta da mijinta suka zauna gaban talabijin. A cikin shirin, abokin aikin Lyuben ya tambaye shi kai tsaye, "To Lyuben, bayan ka huce, fenariti ne?"

Ya gyara zama, ya kalli kyamara.

"Fashi ne," ya ce. "Har gobe fashi ne."

Aka yi masa tafi a ɗakin shirin.

Kafin ƙarshen mako Tsveta da mijinta suka loda kaya a mota. Lyuben ya iso da gudu, ya kama ƙofar motar, yana cewa su tsaya a yi magana. Yarinyar ta leƙo ta taga.

"Kaka, mu ne ɓarayin da kake faɗa?"

Tsveta ta cire hannunsa daga ƙofar a hankali, suka hau gada suka tsallaka.

Darasi: Son ƙasa bai ba ka izinin yin ƙarya ba. In mutane na sauraronka, ka auna maganarka, don wanda za ta raunata yana iya zama naka. Ku tura wa masoya ƙwallo su karanta.