Ɗan Doka Ɗaya a Doguwa

Akwai wani magidanci a Bebeji mai suna Surajo, wanda aka ɗauka aikin ɗan doka a shekarun 1950, zamanin da 'yan dokan En'e ke tsaron garuruwa. Dogo ne, mai sanyin magana.

Da suka gama horo a Kano, aka miƙa su ga Saje Labaran, wanda ke raba 'yan doka a yankin kudu. Saje mutum ne mai son a ji tsoronsa. In zai shiga kasuwa, so yake a ga 'yan doka jere a bayansa.

Ranar rabo ya tara su a gindin wata tsamiya a Tudun Wada. Ya tura kaɗan Kiru, kaɗan Bebeji, sauran duk ya ce su zauna wurinsa.

Surajo ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Doguwa fa? Na ji tun da dattijon ɗan dokan da ke can ya rasu ba a tura kowa ba. Ga daji, ga manoma da makiyaya wuri ɗaya."

Saje ya kalle shi sama da ƙasa. "Jiya aka sa maka jar dara, yau kai za ka koya min aiki? To, tunda Doguwa ta dame ka, tafi can. Kai kaɗai."

Sauran suka kwashe da dariya. Surajo ya haɗa kayansa. Ya ɗauki matarsa Turai suka tafi.

Da farko mutanen Doguwa gudunsa suke yi, don sun saba ɗan doka ba ya zuwa sai da mari. Amma shi kullum sai ya bi gida-gida ya gaida dattawa. Ya kan taka har ruga ya zauna da Arɗo Hamidu, shugaban Fulanin wurin. Da Surajo ake jana'iza, da shi ake suna. Duk lokacin da ya aika yana roƙon a ƙaro masa ko mutum ɗaya, amsar Saje ba ta canjawa: babu.

Da kaka ta yi, tun ba a gama kwashe dawa ba, shanun wani makiyayi mai suna Jibrin suka faɗa gonar wani manomi, Gwadabe. Ƙanen Gwadabe, Uba, ya fito da fartanya. Aka yi kokawa, sandar Jibrin ta sami Uba a ka, ya faɗi ba ya motsi.

Ranar kasuwa ce, ga rana tsaka. Kafin a ce me, labari ya cika gari cewa an kashe Uba.

Jibrin ya sheƙo a guje, jini a bakinsa, ya faɗa zauren Surajo. Bayansa mutane ne da sanduna da gatura.

Ashe a ranar Saje Labaran ya iso rangadi a kan kekensa, bai taho da kowa ba, don a ganinsa jar dararsa ta ishi ƙauye. Yana cin abinci a zauren lokacin da ihu ya iso.

Ya fito yana daka tsawa. "Ku watse, 'yan ƙauyen banza!"

Mahaifin Gwadabe, tsoho tukuf, ya matso zai yi bayani. Saje ya ture shi da kulki, tsohon ya faɗi zaune.

Sai dutse ya taso daga cikin taro ya fasa goshin Saje. Ya dafe fuska, ya koma zaure da rarrafe.

"A fito da su duka biyun!" in ji wata murya.

Surajo ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta da jikinsa. Ta bayansa ya ji Saje yana raɗa: "Ina sauran 'yan doka?"

"Suna Tudun Wada, ranka ya daɗe, inda ka ajiye su."

"To miƙa musu makiyayin nan su ƙyale mu."

"Wanda ya shigo neman tsira ba na miƙa shi," in ji Surajo, bai ko waiwaya ba.

Wani ya kawo bakin wuta daga wurin mai tuya, yana nuna jinkar zauren. Gwadabe ya matso har numfashinsa na taɓa fuskar Surajo, gatari a hannunsa.

"Surajo, ba mu da rigima da kai. Kauce."

Surajo ya sunkuya ya ajiye kulkinsa a ƙasa. Gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin dararsa.

"Gwadabe, ni kaɗai ne, kun fi ƙarfina. In kun ga dama ku bi ta kaina. Amma ka sani, in ka zubar da jini yau, gobe kai zan ɗaura wa igiya, 'ya'yanka su rasa mai yi musu noma. Kafin nan, bari in ɗaga Baba."

Ya miƙa hannu ya kama tsohon, ya tashe shi, ya kakkaɓe masa riga. "Baba, ka yi haƙuri. Abin da aka yi maka ba daidai ba ne."

Mai wuta bai sauke hannunsa ba. Hayaƙi ya fara lasar bakin jinka.

Ana cikin haka sai ga Turai ta keto taro, mayafinta a hannu. Ashe tun farkon ihu ta haura danga ta baya ta nufi gonar. Tana haki ta ce, "Uba na da rai! Yana numfashi! Na ɗaure masa kai, amma jini bai tsaya ba. Kun bar shi da mahaifiyarsa kaɗai!"

Gatarin Gwadabe ya yi ƙasa.

Surajo ya ɗaga murya. "Kun ji! Ɗan'uwanku yana can yana jiran wanda zai kai shi asibiti. Gwadabe, kai da hannunka za ka riƙe igiyar Jibrin har gaban alƙali. Ba zai gudu ba, ni ne jingina. Amma yanzu Uba tukuna."

Arɗo Hamidu, wanda ya iso yana tsaye a gefe, ya ce, "Ga takarkarina, a ɗora shi."

Mai wuta ya jefar da itacen, ya take da ƙafa. Taro ya juya ya nufi gona.

Haka aka kama hanyar Tudun Wada: Uba a kan takarkarin, Gwadabe riƙe da igiyar Jibrin, Surajo a tsakaninsu. Saje yana can baya yana tura keke, goshi ɗaure da tsumma. Ba wanda ya ce masa sannu.

Allah ya yi Uba yana da sauran kwana, ya warke. Alƙali ya sa Jibrin ya biya ɓarnar gona da diyyar rauni.

Da maganar ta kai gaban hakimi, ya tambayi Saje dalilin da ya sa aka bar gari guda a hannun mutum ɗaya. Saje ya sunkuyar da kai. Ba a daɗe ba aka rage masa igiyar muƙami, aka ƙwace rabon 'yan doka daga hannunsa.

Hakimi ya juya ga Surajo. "Kai kuma, in kana so a dawo da kai Bebeji kusa da iyayenka, sai in sa baki."

Surajo ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, a bar ni a Doguwa. A dai ƙaro min mutane, kuma in da hali a ɗauka daga cikin 'ya'yan garin da na ruga."

Da aka buɗe ɗaukar sabbi, Uba ne ya fara shiga layi, da tabonsa a ka.

Darasi: In Allah ya ba ka ikon raba ma'aikata, ka kai su inda jama'a ke buƙatarsu, ba inda za su ƙara maka kwarjini ba. Kai kuma da aka jefa ka wuri mai wuya don a wulaƙanta ka, riƙe mutane da mutunci, domin ranar tashin hankali shi zai tsaya maka. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu riƙe da amanar jama'a.