Gawon Gonar Nomau

Dalilin da ya sa gawo ke tsayawa tsirara da damina, alhali kowace bishiya ta yi shar, ku matso ku ji shi, yara. A da ba haka yake ba. Ganyensa ya fi na tsamiya duhu.

A wata ƙasa mai jigawa, inda gero ne abinci kuma shi ne arziki, mutane suka yi yawa har gonaki suka tsuke. Da aka raba gadon wani tsoho tsakanin 'ya'yansa bakwai, autansu Nomau ya tashi da ɗan fili wanda wani ƙaton gawo ya mamaye. Damina biyu yana shuka, inuwa tana kashe geron. Rumbunsa ko ɓera ya daina leƙawa.

Matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, ko ka sare bishiyar nan, ko mu kwashi yara mu bar garin."

Nomau ba ya son barin ƙasar ubansa. Ya wasa gatari ya tafi gona. Yana ɗaga hannu sai ya ji murya daga can cikin kututture, har ƙasa tana rawa a ƙafarsa.

"Ɗan Adam, me na yi maka?"

Gatarin ya suɓuce. Da ƙyar Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, inuwarka ta cinye abincin 'ya'yana."

Gawo ya ce, "Kakanka ne ya kewaye ni da ƙaya ina ƙarami, don kada awaki su cinye ni. Damina ita ce sallar itatuwa, amma na bar maka tawa. Je ka shuka."

Ranar ruwan farko, Nomau na tsaye a gindin gawo, ganye ya yi ta zubowa har ya rufe masa idon sawu. Ya durƙusa yana hawaye. Rana ta sami hanya, ganyen ya ruɓe ya zama taki, zangarniya ta yi tsawon kamu biyu. Gawo kuwa ya tura saiwarsa can ƙasa, inda rijiya ba ta kaiwa, sai rani ya tsananta sannan ya fito da sabon ganye.

Shi ya sa har yau geron gindin gawo ya fi na ko'ina, kuma manomin kirki ba ya ɗaga masa gatari. Tun daga waccan shekara, gawo bai ƙara jin ɗigon ruwan damina a kan ganyensa ba.