Jar Mato da Ta Sha Ruwan Inna

An yi wani mutum a ƙasar Gangara, cikin Damargu, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa na nan da rai. Mai awon gyaɗa ne, Allah ya buɗa masa. Wata rana ya je Damagaram, ya iske wani anasara zai koma gida yana sayar da tsohuwar matonsa: ja ce, ba ta da rufi, kujera biyu tak, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. An yi ta ne don gudu a kan kwalta. Ina kwalta a Damargu?

Ya saye ta. Ba don ɗaukar buhu ba, don ko buhu ɗaya ba ta ɗauka. Ya saye ta don a tashi tsaye idan ya wuce.

Ya 'yan uwa, tun daga ranar ya zama bawanta. Isansi, wato man fetur, sai an ɗauko daga Damagaram a bayan raƙumi. Yau taya ta fashe, gobe wani ƙarfe ya karye, a aika Kano a ce babu irinsa. Makaniki ya zo ya kwana uku ana yanka masa kaji, ya tafi, ta sake mutuwa. Mutumin nan ya buɗe rumbun gandu ya sayar da gero. Ya hana zakka. Ya sayar da shanun da ubansu ya bari, har da rabon ƙanensa Tanko. Matarsa Balki ta ce masa, "Malam, abin nan cinye mu yake." Ya ce mata hassada ce irin ta mata.

Sai bazara ta zo, mahaifiyarsu Inna ta kwanta ciwo, aka ce a kai ta wurin likita a Tanut. Tanko ya ɗaura wa raƙumi siriddi. Ya ce, "Yaya, matonka tana zubar da ruwa, kowa ya gani. Bari in kai ta a hankali, ta hanyar rijiyoyi."

Yayan ya ce, "Uwata a kan raƙumi, ina da mato? Me mutane za su ce?"

Ya sa tsohuwa a kujera, ya ɗauki salka guda ta ruwa, ya yanke ta daji don ya riga kowa isa.

Rana ta take. Mato ta nutse cikin rairayi, ya tona da hannu, ta fita, ta sake nutsewa. Can sai tururi ya tashi daga gabanta, tukunyar ruwan injin ta tafasa ta ƙafe. Ya duba gabas, ya duba yamma: babu bukka, babu dabba, sai ƙaya. Ya kwance salka.

Inna ta ce, "Ɗana, rage mini kurɓi ɗaya."

Ya ce, "Yanzu za mu isa, Inna. Za ki sha na randa mai sanyi."

Ya juye ruwan duka a cikin ƙarfe. Mato ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta yi tari, ta mutu. Ya murɗa, ya daka, ya roƙe ta kamar mai ji. Shiru. Kujera ta yi zafi kamar tanda. Ya sauko da tsohuwa ya nemi inuwa, amma maton nan ko ƙarƙashinta mutum ba ya iya shiga. Ya tuɓe rigarsa ya rufa mata, ya kama gudu yana ihu cikin daji.

Wani makiyayi, Aghali, shi ya tsince shi da la'asar, harshe ya kumbura, ba ya iya magana, sai nuni. Suka bi sawunsa suka koma. Suka iske Inna ta juya fuskarta alƙibla, bakin busasshiyar salka yana cikin bakinta. Ta cika.

Mutumin nan bai mutu ba, kuma da ya mutu da ya fi masa sauƙi. Hankalinsa ya gushe. Duk wanda ya miƙa masa ƙwaryar ruwa sai ya ture, ya ce, "A kai mata! Ba ta sha ba!" Tanko, wanda ya cinye wa gado, shi ke danne shi yana ɗura masa ruwa kamar jinjiri.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce ai ni ba ni da mato. Ƙarfe ba shi da zunubi. Zunubin na wanda ya ji tsoron bakin mutane ne fiye da tsoron Allah. Kowane ɗayanmu ya tambayi kansa: mene ne nake ciyarwa a gidana don a yabe ni, alhali haƙƙin iyaye da iyali da miskinai yana kaina? Ranar da za a tsai da mu, rana a kusa da kai, maƙogwaro a bushe, wa zai rage mana kurɓi?

Allah ya kiyaye mu daga girman kai da riya. Allah ya sa kada mu zama sanadin kukan iyayenmu, ya shayar da mu a ranar ƙishirwa mai girma. Amin.