Fanken Sadakar Gidan Tie

Tie Fugui mahauci ne a ƙauyenmu na lardin Hebei, a ƙasar Sin. Hannunsa a sake yake, wannan kam ba a ƙwace masa, amma Allah ya jarrabce shi da son a sani. Ko akuya ya yanka sai ƙauye uku sun ji.

Da Japanawa suka mamaye mu, limaminmu Ahong Hei ya rufe makaranta, ya kwashi samari da tsofaffin bindigogi suka shige gonakin dawa. Nemansa ake ruwa a jallo. Sauran malaman yankin kuwa, wanda ba a kama ba ya gudu.

Ana haka mahaifin Fugui ya rasu. Da arba'in ta zo ya yi ta aike yana magiya, har Ahong ya shigo da hantsi a shigar mai tallan gishiri, yana ɗingishi saboda harbin da ke ƙafarsa. Ya yi karatu, ya gutsura fanken farko da hannunsa kamar yadda aka saba, ya ce a ci a gida kawai, mamaci addu'a yake so. Sannan ya kwanta a ɗakin hatsi ya ɗan huta.

Matar Fugui ta ga ana ƙara mai a kasko, ta ce, "Baban yara, ba ka ji abin da Ahong ya ce ba?"

"Ke, ubanki ne ko nawa? A ce Tie ya yi wa ubansa arba'in a ɓoye kamar ɓarawo?"

Haka aka bi gida-gida da fanke, har gidan wani mai suna Mu, mai yi wa Japanawa tafinta. To, ko yaron goye a cikinmu ya san fanken sadaka ba ya fita sai malami ya yi karatu a kansa. Malami nawa ya rage?

Kafin la'asar Japanawa sun zagaye ƙauyen, suka tara mu a masussuka, suka ce ko Ahong ya fito ko su cinna wuta. Da ƙafarsa ya fito. Muna tsaye muna kallo aka ɗaure shi. Har yau abin yana ci mini rai.

Da suka dawo mana da gawarsa muka jera sahu, muka yi ta kallon juna. Babu wanda ya iya sallar.

Mai karatu, son a yaba maka yakan ɓoye a cikin aikin alheri. In mai ilimi ya ce ka taƙaita, ka taƙaita, domin sau da yawa ba mai alfahari ne ke ɗanɗana kuɗarsa ba, bayin Allah na kusa da shi ne.