Laka a Kan Jinin Madobiya

An yi wani mutum, na san shi, amma ba zan kama suna ba. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa shanu tara da bishiyoyin madobiya bakwai a bayan gona. Ya 'yan uwa, kun san madobiya. A ƙarshen rani, idan ciyawa ta ƙare ƙaf, ita take fitar da ɗanyen ganye. Tsohon yakan sari reshe biyu ko uku ya zuba wa shanu, ba ya wuce haka.

Sai masu sayen katako suka shigo da manyan motoci. Madobiya ta yi ƙaranci a daji, hukuma ta hana sare ɗanya, sai wadda ta mutu da kanta. Mutumin nan ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Ya ɗauki gatari ya ɓare ɓawon kowace bishiya, ya zagaye gindinta. Ruwanta ja ya tsiyayo kamar jini, ya kwaɓa laka ya shafe wurin.

Matarsa ta same shi yana wanke gatari. Ta ce, "Maigida, in rani ya tsananta, me shanun za su ci?"

Ya ce, "Ke dai ji da tukunyarki."

Bishiyoyin suka bushe a tsaye. Malamin daji ya zo dubawa, mutumin ya rantse da Allah cuta ce ta kashe su. Aka ba shi takardar izini, injin sare itace ya kwantar da su a yini ɗaya. Ya sayar wa masu katako, ya sayi babur, yana ta fankama a gari.

Da shekara ta zagayo, ruwa ya yi jinkiri. Ya sayar da babur ya sayi dusa, ba ta kai mako uku ba. Ya shiga daji neman ganye, bai tarar da komai ba sai kututture, don maƙwabta sun koyi dabararsa. Shanun kuwa kullum sai su nufi bayan gona inda suka saba, su tsaya cikin rana suna jiran ganye. Nan suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ya yi saurin yanka ta, mahauci ya duba ya ce fata kawai zai ɗauka. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Ya 'yan uwa, malamin daji bai ga abin da ke ƙarƙashin laka ba. To, wanda aka rantse da sunansa fa? Bishiya amana ce, dabba amana ce, rantsuwar ƙarya kuwa ba ta barin komai a gida.

Allah ka kiyaye mu da wayon da zai cinye mu, ka tsare hannayenmu daga abin da ka ba mu amana. Amin.