Tsohuwar Bindigar Korau

Ku yi wa Annabi salati.

Sallallahu alaihi wa sallam.

To madalla. Na baya ku matso, a ajiye hira tukuna, ku saurara.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can bakin daji, tun lokacin da gadu ke shiga gona da rana tsaka ya tone wa mutum rogo. Sunansa Korau. Maharbi ne, amma ba irin masu kirari da buga ƙirji ba. Ya tsare gonarsa, ya tsare ta maƙwabta, in ya samo nama ya raba gida-gida. Kuma garin nan kaf an san shi da abu guda: bai taɓa rantsuwa a kan abin duniya ba. An taɓa cin masa iyakar gona, aka ce ya rantse a mayar masa, ya ce a bar wa mai ci.

Yana da amini, Barmo, shi ma maharbi. Kowannensu da bindigarsa, kuma maƙera ɗaya ne suka ƙera su a can ƙasar waje, suna ɗaya, tsayi ɗaya. Irin marasa nauyin nan ne, da ake jan wani ƙarfe baya a tura shi gaba kamar sakatar ƙofa, sannan harsashi ya shiga. Sai dai ba shekara ɗaya aka yi su ba. Ta Korau ƙirar farko ce, ƙotarta icce, sakatarta sumul kamar an shafa mata man shanu. Ta Barmo ta zo daga baya, ƙotarta baƙar roba, sakatarta da ɗan tauri, ba ta da kyan gani ko kaɗan.

To ku saurara, a nan zancen yake. Ƙirar farkon nan tana da wani mugun hali. Wani lokaci, ba kullum ba, mutum na tura sakata da harsashi a ciki sai ta tashi da kanta, ba wanda ya taɓa kunama. Don haka ne ma maƙeran suka sake fasalin kunamar a ƙirar baya. Ta taɓa yi wa Korau haka a daji, su biyu da Barmo, harsashin ya kashe masa karensa nan take. Daga ranar bai ƙara ɗura ta ba sai ya ga dabba da idonsa, bakinta kuma kullum na kallon ƙasa. Gidansa cike yake da jikoki masu taɓe-taɓe, sai ya riƙa ajiye ta a akwatin ƙarfen Barmo mai kwaɗo, tare da ɗayar.

Ana nan, ciwo ya kwantar da Barmo, Allah ya karɓi abinsa.

Da aka zo rabon gado, Liman ya zauna a zaure. Ga Nomau, ɗan mamacin, magidanci ne da matarsa da 'ya'ya. Ga Shekarau, ƙanen mamacin, ɗan tireda mai yawan shiga birni. Ga Tabawa matar mamacin a bayan ƙyaure. Aka buɗe akwati, sai ga bindiga biyu.

Tabawa ta ce, "Allah gafarta Malam, na san ɗaya ta Korau ce, maigidana ya sha faɗa mini. Amma wacce ce, ban sani ba. Ni ko kallonsu ba na son yi."

Aka kira Korau. Kowa ya ɗauka sabuwar zai nuna. Ya durƙusa, ya yi wa amininsa addu'a, ya ce, "Mai ƙotar iccen ce tawa."

Shekarau ya gyara zama. Ya ɗauki tsohuwar, ya juya ta, ya ja sakata, ya tura, ya saurari ƙarar. Ya ce, "Ikon Allah. An ajiye wa mutum sabo da tsoho, ya tsallake sabo. Malam Korau, tun yaushe ka fara ƙin sabon abu?"

"Ba ƙi na yi ba. Ba tawa ba ce."

"Nomau, buɗe kunnenka. A birni wannan ake nema ido rufe. Ƙarfen da ne, na gaske. Waccan ta roba, in rana ta yi zafi har wari take. Tsoho ya san abin da yake yi."

Kuma jama'a, abin da ya sa maganar ta kama, Shekarau bai yi ƙarya ba. Ƙirar farkon ta fi daraja a kasuwa, ta fi daɗin riƙo. Korau da kansa ya ce haka ne. Sannan ya faɗi halinta, ya faɗi zancen karensa.

Shekarau ya ce, "Wa ya gani?"

"Barmo."

"Barmo." Shekarau ya dubi mutane yana murmushi. "Shaidarsa na kushewa."

Nomau kuwa idonsa na kan ƙotar iccen nan. Korau ya dube shi. Ya san Nomau tun yana goye. Mutum ne mai gaggawa, tun daga gida yake ɗura bindiga ya rataya a kafaɗa, ya kama hanyar gona, matarsa da 'ya'yansa na biye da shi a baya.

Liman ya ce, "Kaya a gidan mamaci aka same su. Tabawa ta shaida ɗaya taka ce. Saura wacce. In za ka rantse, ka ɗauka. In ba za ka rantse ba, magada su zaɓa su ba ka ragowar."

Nomau ya ce, "Mai iccen nake so."

Kowa ya saki jiki, don an san Korau ba ya rantsuwa. Sai ya tashi ya nemi buta. Ya yi alwala, ya dawo, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse mai ƙotar icce tasa ce.

Ku kuna tsammanin an yarda da shi ke nan? Ina. Kafin la'asar zance ya zaga gari. A bakin rijiya ana cewa, mutumin da ya bar gona sukutum bai rantse ba, yau ya rantse a kan bindiga, lalle akwai abin da ya gani. A mahauta ana cewa dama haƙurin nan nasa jira yake babbar harka ta zo. Wata ta ce ai tun Barmo na kwance take ganin yana yawan zuwa dubiya, ashe akwati yake dubawa. Kun ji fa. Dubiyar ma ta zama laifi.

Shekarau ya ce to a gwada, in tana tashi da kanta kowa ya gani. Aka fita bayan gari, maharba suka taru. Korau ya juya bakinta ga jigawa, ya ɗura, ya tura sakata. Shiru. Ya fitar, ya sake. Shiru. Ya yi ta yi har gumi ya jiƙa masa riga, bindiga ta ƙi tashi.

Wani ya ce, "Kunya take ji, ta ga mutane."

Aka yi dariya. Shekarau ya ce, "Ko sai an kawo mata kare?"

Nomau ya matso kusa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Baba Korau, da ka ce kana so, wallahi da na ba ka. Ba sai ka yi wa mahaifina haka ba." Ya juya ya tafi. Daga ranar ya daina gaishe shi.

Korau ya koma gida da bindigarsa, ba inda zai kulle ta, sai ya rataye ta can saman rufin ɗaki. Masallaci in ya shiga sahu, na kusa da shi ya ɗan ja jiki. Naman da ya aika gidaje aka fara dawo masa da shi. Duk ya shanye. Sai labari ya zo masa cewa Shekarau zai kai magana gaban alƙali a birni, kuma ya samo mutum biyu da za su ce sun sha ganin mai ƙotar icce a kafaɗar Barmo. Ba ƙarya za su yi ba, don Korau da Barmo aminai ne, sukan riƙe wa juna bindiga a hanya. Korau ya ga in aka je, tana iya komawa hannun Nomau.

Ranar kasuwa da hantsi ya saɓo ta, ya ratsa tsakiyar mutane. Aka bi shi da kallo, ana cewa ga shi nan, zai kai wa dillali. Ya wuce rumfar dillalai, ya tsaya a maƙera, ya ce da maƙerin, "Sa mini wannan a wuta."

Maƙeri ya ce, "Baba, ka san abin da kake faɗa? Da ita kake ci."

"Tawa ce, na rantse a kanta. Sa ta."

Aka cire ƙotar, aka zuga wuta, ƙarfe ya yi ja. Maƙeri ya ɗora a uwar maƙera ya yi ta duka har ya lanƙwashe, ya farfasa sakatar da kunamar. Mutane sun yi cincirindo.

Shekarau ya iso yana haki, ya duba, ya ce, "Kun gani ko? Baƙin ciki. Ya ga za a ƙwace, ya ce kowa ya rasa."

Wasu suka gyaɗa kai. Amma Nomau na tsaye, yana kallon ƙarfen nan yana hucewa. Can ya ce, "Baba, ga rogonka ya kusa isa. Da me za ka kori gadu?"

"Da gwangwani da ihu, kamar kowa."

"Dillalai na nan. Da ka sayar, ba wanda zai hana ka."

"In sayar wa wa, Nomau? Shi wanda zai saya ba shi da 'ya'ya?"

Nomau ya tsuguna a wurin, cikin tokar maƙera, ya gaishe shi gaisuwar da ya daɗe bai yi ba.

To 'yan uwa, kun ji. Gaskiya ba kullum take zuwa da shaida ba, wani lokaci ma in an gwada ta a gaban mutane sai ta ƙi fitowa. Wanda ya riƙe ta don Allah, ya riƙe ko an yarda ko ba a yarda ba, ko da zai rasa abin da yake ci da shi. Mu kuma masu zama a bakin rijiya, mu ji tsoron Allah. Mutum ya yi alheri, mun ce da wata a ƙasa. Ya zo dubiya, mun ce leƙe ya zo yi. Ke da aka ba ki ajiya, kai da ka san aibin abin da za ka miƙa wa wani, ku faɗa, ko za a yi muku dariya. Wanda kuma aka faɗa wa, ya kyautata zato kafin ya buɗe baki.

Korau bai sake mallakar bindiga ba. Shekarar nan gadu ya cinye masa rabin rogo, ya ƙarasa rayuwarsa yana noma da ɗana tarko. Nomau ya riƙe mai ƙotar roba, ya tsufa cikin 'ya'yansa, kuma shi ya wanke Korau ranar da ya rasu. Tabawa ta koma garinsu. Shekarau har ya bar duniya yana cewa an cuce su, kuma akwai waɗanda suka mutu suna ganin haka ne. Allah ya raba mu da mugun zato, ya sa mu cika da imani.