Jajayen Idon Tabawa

Ku matso, ku bar tsokanar juna. To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce, Tabawa, ta zo wani ƙauye baƙunta, ta zauna. Idonta jajir. Su kuwa mutanen garin cewa suke duk mai jan ido mayya ce, in ta kira ka ka amsa, ta kama kurwarka. Sai aka daina amsa mata ko gaisuwa. Abin yana cin ranta, baiwar Allah.

Ran nan da hantsi ta fita itace, sai ta ji kuka a wata tsohuwar rijiya. Ta leƙa, ashe Indo ce, 'yar maƙwabciyarta Hanne, ta maƙale a saiwa, ruwa har wuya.

Sai ta ruga gidan maƙeri ta kwaɗa kira. Ya ji, ya ƙara buga guduma. Sai gidan mai unguwa, aka turo ƙyaure. Sai gidan Hanne.

"Hanne, fito! 'Yarki!"

Wawiyar ta toshe kunne, wai yau kuma 'yarta ake so a cinye.

Tabawa ta koma ita kaɗai, tana haki. Ta ƙulla mayafi da ɗankwali ta zura, Indo ta kama. Ta ja, ta ja, har tafin hannunta ya saluɓe. Da ta fito da Indo, ta goyo ta har ƙofar uwarta. Yarinya ta faɗi yadda aka yi, kunya ta kama Hanne.

Kashegari Hanne ta je godiya. Ta tarar da hannun Tabawa a ɗaure, ga tukunyar kalwa a kan wuta, don daddawa ce sana'arta. Sai ta karɓi aikin. Ta yini tana iza wuta, hayaƙi na dukan fuskarta.

Da la'asar autanta ya zo nemanta. Ya ga idon uwarsa jajir, ya ja da baya. Ta kira sunansa, ya ƙi amsawa, ya arce. Sai Hanne ta zauna daɓas ta fashe da kuka.

Tabawa ta turo mata ƙwaryar ruwa. "Wanke, 'yata. Naki zai washe kafin gobe."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare. In kun ji an ce su wane haka suke, ku je ku zauna da su tukuna. Ku tashi, a kwanta.